Tseren Babura a Hamadar Tenere: Abin da Madugu Ya Riga Kowa Sani

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Dakoro, ya tsaya a Kornaka ran kasuwa, zai tarar babura sun yi sahu a wuraren da a da ake ɗaure jakuna da raƙuma. Da babur ake kai buhun hatsi kasuwa, da shi ake kai mai naƙuda gidan likita, da shi kuma malamin makaranta ke komawa ƙauyen da aka tura shi aiki. Da an sauka daga babbar hanya kuwa, sai rairayi, jigawa bayan jigawa, tun daga Gulbin Kaba a kudu har kwarin Tarka a arewa. Don haka ɗan kabu-kabun Kornaka ya san abin da ɗan birni bai cika sani ba: tafiya mai nisa cikin yashi tana bukatar shiri fiye da yadda take bukatar gudu.

Wannan magana tana da tarihi a ƙasarmu. A shekaru da dama tsakanin 1979 da 2000, Nijar ta zama fili ga gasar tseren dogon zango mafi shahara a duniya, wato Paris-Dakar. Kornaka ba ta cikin manyan zangunan gasar, waɗanda suka haɗa da Arlit da Agadas da Dirku da Tawa da Yamai. Amma labarin ya shafe mu, domin abin da mahaya baburan suka koya da jininsu a hamada, shi ne abin da madugan ayarin gishiri, masu sayen geron ƙasar nan, suka daɗe da sani. Wannan maƙala za ta dubi gasar ta fuskar ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda ba kamfani a bayansu, da kuma aikin mutumin da ke riƙe da ragamarsu.

Yadda abin ya faro

A shekarar 1977 wani matashi Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya shiga tseren Abidjan zuwa Nice a kan babur. Ya ɓata a hamada, wajen iyakar Nijar da Libiya, ya yi kwanaki shi kaɗai kafin a gano shi ta jirgin sama. Wani in ya kuɓuta daga irin wannan, ba ya sake waiwayar wurin. Shi kuwa Sabine sai ya koma gida da niyyar kawo wasu su ga abin da ya gani. Daman ya san shirya gasa, domin shi ya ƙirƙiro tseren babura a rairayin bakin teku na garin Le Touquet a 1975.

Ranar 26 ga Disamba 1978 ayari na farko ya tashi daga birnin Paris. Abin hawa 182 ne, 90 daga ciki babura. Suka tsallake teku zuwa Aljeriya, suka biyo ta Tamanrasset, suka shigo Nijar ta Asamaka, suka wuce Arlit da Agadas zuwa Yamai, daga nan Mali da Senegal. Tafiyar ta kusan kilomita 10,000 ce. Ranar 14 ga Janairu 1979, abin hawa 74 kaɗai suka isa Dakar.

Wanda ya zo na ɗaya saurayi ne ɗan shekara 22, Cyril Neveu, a kan babur Yamaha XT500. Abin lura shi ne, Neveu bai zo na ɗaya ba ko a zango guda cikin zangunan gasar. Kullum akwai wanda ya fi shi gudu, amma masu gudun nan kowa da ranar da ta ci shi: wannan ya ɓata hanya, wancan inji ya ƙone, wani ya faɗi ya karye. Shi dai yana isa kowace yamma da babur lafiya da jiki lafiya, har lissafin ƙarshe ya ba shi gaba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. A wannan shekara sannu ma ce ta riga kowa zuwa. A cikin waɗanda suka isa Dakar har da mace, Martine de Cortanze, a kan ƙaramin babur Honda.

Ƴan kamfani da ƴan sha'awa

Tun daga farko mahaya iri biyu ne. Akwai ƴan kamfani, waɗanda masu ƙera babura ko dillalansu ke ɗaukar nauyinsu. Jean-Claude Olivier, shugaban sashen Yamaha na kamfanin Sonauto a Faransa, shi ne misalinsu: yana shirya ƙungiya, yana kuma hawa da kansa, har ya zo na biyu a 1985. Kamfanin BMW ya ci gasar da Hubert Auriol a 1981 da 1983, sannan da Gaston Rahier a 1984 da 1985. Honda ta ci da Neveu a 1982 da 1986 da 1987. Irin waɗannan suna da manyan motoci cike da kayan gyara, da makanikai da ake kawowa zango ta jirgin sama. Mahayi na isowa ya miƙa babur ya je ya kwanta, da asuba ya tarar an mayar masa da shi sabo.

Sai kuma ƴan sha'awa, waɗanda su ne mafi yawa. Ma'aikata ne da ƴan kasuwa da masu garejin unguwa, da suka yi shekara suna tara kuɗi, suna bin masu shaguna da ƙananan kamfanoni a ba su gudummawa su kuma su manna sunan mai bayarwa a jikin tanki. Wasu su biyu ne ko uku, da aboki guda da ke bin su a mota. Wasu kuwa ba su da kowa sai akwatin ƙarfe guda da masu gasa ke ɗaukar masu daga zango zuwa zango, shi ya sa daga baya Faransawa suka riƙa kiran wannan rukuni “malle-moto”, wato masu akwati. Irin wannan mahayi in ya iso zango tsakar dare, bayan ya yi sa'a goma sha a kan sirdi, shi zai canja baƙin mai, ya wanke matatar iska, ya ɗaure sarƙa, ya karanta hanyar gobe da fitilar goshi, sannan ya runtsa.

A ƙaramar ƙungiya, aikin shugaba ya fi na mahayi yawa, ko da yake sunansa ba ya fitowa a jarida. Da farko akwai zaɓen babur. Shugaba mai hankali yakan zaɓi inji mai sauƙin gyara, wanda makanikin Agadas zai iya kwancewa ya mayar, ko da wani ya fi shi ƙarfi. XT500 ta samu karɓuwa ne saboda haka: tukunyar inji ɗaya ce, iska ke sanyaya ta, ba ta da tarkace. Na biyu akwai lissafin mai. Tankin XT500 na asali bai kai lita 10 ba, sai an ƙera masa babba, kuma yashi mai laushi yana sa inji shan mai fiye da ƙasa mai tauri, ta yadda wanda ya yi lissafi da ma'aunin kwalta zai tsaya a daji da busasshen tanki. Na uku akwai kayan gyara: me za a ɗauka, me za a bari? Kowane kilo da aka ƙara yana nutsar da taya, kowane ƙarfe da aka bari kuma wataƙila shi za a nema. Sai ruwan sha, da takardun ƙetare iyaka, da kuɗin ƙasashe daban-daban.

Hukunci mafi nauyi shi ne na tsayawa. Mahayin da ya ci bashi ya zo ba ya son jin an ce ya haƙura, ko da kafaɗarsa ta goce, ko idonsa na rufewa don barci. Dole a samu wanda zai dube shi ya ce: “Tafiyarka ta ƙare a nan.” A bayan ayari akwai babbar mota da ake kira motar shara, wadda ke kwashe waɗanda suka gaza. Shiga cikinta abin baƙin ciki ne, amma masu shigarta suna komawa ga iyalinsu.

Tenere

A 1983 gasar ta ratsa hamadar Tenere karo na farko. A lokacin babu na'urar tauraron ɗan'adam mai nuna wuri, sai a 1992 aka shigo da ita. Abin da mahayi ke da shi shi ne alƙibla ta ƙarfe, da ma'aunin nisa, da doguwar takarda a naɗe bisa kan babur, mai ɗauke da zanen alamomin hanya. Sai iskar rairayi ta taso ta shafe sawu, ta rufe sama da ƙasa. Ƴan gasa 40 suka ɓace. Sabine ya yi kwana huɗu yana shawagi da jirgi mai saukar ungulu har ya gano su duka. Ƙa'idar da ake nanata wa kowa a irin wannan hali ita ce: kada ka rabu da abin hawanka, ka yi tattalin ruwa, ka jira. Daga sama an fi ganin babur da mutum mai tafiya a ƙasa.

Sunan hamadar ya shiga duniya ta wannan hanya. A shekarar nan ta 1983 Yamaha ta fitar da babur mai tankin lita 30, ta raɗa masa suna Ténéré, kuma har yau tana ƙera babura da wannan suna. Mutane da yawa a Turai da Japan sun san kalmar a jikin tanki ba tare da sun san cewa yanki ne na Nijar ba, balle su san kalma ce ta harshen Abzinawa mai nufin fili da babu kowa.

Madugu uban tafiya

Hanyar da ƴan gasa suka ɗauka sabuwa, daga Agadas zuwa Kawar, tsohuwar hanyar ayarin gishiri ce. Shekaru aru-aru, bayan damina, Abzinawan Kel Ewey da Kel Geres kan ɗaure dubban raƙuma su nufi Fashi da Bilma. Abin da suke kaiwa geron ƙasar Hausa ne, abin da suke dawowa da shi kantu da beza da dabino, su gangaro da su kasuwannin kudu. Manomin da ya sayar da damin gero a ƙasar Dakoro ko Damargu, ya sayi kantu don dabbobinsa, yana da hannu a wannan tafiya ko bai taɓa ganin Bilma ba.

Shugaban ayarin nan madugu ake ce masa, kamar yadda fataken goro masu zuwa Gwanja ke kiran nasu. A ayarin Hausawa akwai jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malamin ayari mai rubutu da addu'a, kowa da aikinsa, amma magana ta ƙarshe ta madugu ce. A Tenere babu kiwo, saboda haka kafin a tashi sai an yanki ciyawa an ɗaure dami-dami an ɗora wa raƙuma, a hanya kuma a riƙa ajiye wata don dawowa. Madugu ya san yini nawa ne tsakanin rijiya da rijiya, yana bin rana da inuwa da taurari, ba ya yarda a tsaya da rana don kada ruwa ya ƙare kafin hanya ta ƙare. Idan aka sa mai a gurbin ciyawa, babur a gurbin raƙumi, za a ga aikin shugaban ƙungiyar tsere da na madugu abu ɗaya ne: lissafin guzuri, sanin hanya, rabon aiki, da sanin iyakar abin da jiki zai iya ɗauka. Bambancin shi ne madugu ba ya neman riga kowa isa. Nasararsa ita ce ya dawo da mutanen da ya fita da su.

Masu shirya gasar ba su raina wannan sani ba, domin sun dogara da mutanen ƙasa. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Mano Dayak, ɗan Abzin mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages a Agadas, aminin Sabine, wanda ya taimaka wajen shirya zangunan Nijar, ya kuma shiga gasar da kansa a mota. Bayansa akwai jagorori da direbobi da makanikai da masu walda da masu dafa abinci. Sau da yawa a Agadas ake hutun tsakiyar gasa, kuma a wannan rana garin kan cika: masu gidaje su ba da haya, maƙera su sayar da azurfa, garejin unguwa ya kwana yana aiki. Ɗan kamfani yana da makanikinsa. Ɗan sha'awa kuwa, in firam ya tsage ko cokali ya lanƙwashe, hannun mai waldan Agadas ne ke mayar da shi hanya. Littattafan gasar sun adana sunayen waɗanda suka ci. Sunayen masu waldan suna bakin tsofaffin garin ne kawai.

Abin da tseren ya ci

Tun a gasar farko aka yi rashi a ƙasarmu. Wani mahayi, Patrick Dodin, ya faɗi kusa da Agadas yana ƙoƙarin gyara hular kwanonsa a cikin tafiya, raunin kuma ya zama ajalinsa. A Janairun 1986, a hanyar Damagaram, Jean-Michel Baron ya faɗi da baburinsa, bai sake dawowa hayyacinsa ba har ya rasu a 2010. Kwanaki kaɗan bayan wannan, ranar 14 ga Janairu 1986, jirgin Sabine ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali. Ya rasu tare da mutum huɗu, cikinsu da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya biyo gasar don aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyukan Sahel. An watsa tokar Sabine a gindin wata bishiya tilo a arewacin Tenere, wadda ake kira da sunansa tun daga lokacin. Wannan dabam take da shahararriyar Bishiyar Tenere, wadda wani direban babbar mota ya kayar a 1973, aka kai gangar jikinta gidan tarihi na ƙasa a Yamai.

Waɗannan duk sun zaɓi shiga haɗari da kansu. Akwai waɗanda ba su zaɓa ba. A 1988 motar gasa ta kashe yarinya ƴar shekara 10 a garin Kita na Mali. A 2006 an kashe yara maza biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Akwai kuma maganar kunya. A Janairun 1985, lokacin da ayarin gasar ke ratsa arewacin Nijar da abinci da magani da jiragen sama, ƙasar Dakoro na cikin yunwar da mutane suka raɗa wa suna El-Buhari, saboda fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya. Dabbobi sun ƙare, magidanta sun watsu neman abinci. Masanin noma René Dumont da wasu ƙungiyoyi a Faransa sun yi suka mai zafi, suna ganin rashin ta-ido ne masu ƙoshi su zo wasa a gaban masu yunwa. Mutanen Agadas da ke samun kuɗin shekara a mako guda suna da nasu ra'ayi. Mai rubuta tarihi ya wajaba ya ji ɓangarorin biyu.

Rabuwa da Nijar

Bayan abin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayu 1990 da tawayen da ya biyo baya, gasar ta fara kauce wa arewacin ƙasar. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, amma a Disambar wannan shekara Mano Dayak, wanda ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen, ya rasu a haɗarin jirgin sama. Filin jirgin Agadas na ɗauke da sunansa. A 1997 gasar ta dawo da tsarin Dakar zuwa Agadas zuwa Dakar, Stéphane Peterhansel ya ci a ɓangaren babura. A 2000, ayarin da ya nufi Alƙahira ya tsaya a Yamai saboda barazanar ƴan bindiga, aka kwashe motoci da babura cikin manyan jiragen Antonov zuwa Sabha ta Libiya. Daga nan gasar ba ta sake ratsa Nijar ba. An soke ta 2008 bayan kisan Faransawa huɗu a Murtaniya, ta koma Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, sannan Saudiyya daga 2020, tana riƙe da sunan Dakar.

Abin da ya rage mana

Gasa ta tafi, babur ya zauna. Baburan Sin masu araha sun cika ƙauyuka, kuma tseren dogon zango na gaskiya yanzu shi ne wanda ɗan kabu-kabu ke yi kowace rana tsakanin Kornaka da ƙauyukanta, da mutum biyu da buhu a baya. Ya san ya rage iskar taya in zai shiga yashi, ya san kada ya saki wuta a tsakiyar jigawa, ya san inda zai samu mai a kwalba. Abin da ya rage masa shi ne tsari irin na madugu: wanda zai ce a duba birki kafin a tashi, a sa hular kwano a ɗaure ta, kada a yi lodin da ya wuce kima, kada a bar yaro ya yi wasan babur a tsakiyar taron biki. Ƙungiyoyin masu kabu-kabu suna da shugabanni a kowace tasha, kuma wannan aiki nasu ne.

Malamai na da abin ɗauka a nan. Lissafin man da zai kai babur daga Agadas zuwa Dirku darasin lissafi ne, hanyar gero da kantu darasin labarin ƙasa ce, kuma yaron da ubansa ke kabu-kabu zai fahimce su tun kafin a gama rubutu a allo. Ƙungiyoyin al'adu kuwa, aikinsu ya fi gaggawa. Saurayin da ya yi walda a Agadas a 1983 yau dattijo ne, madugan da suka san Tenere da taurari kuma suna ƙarewa. A ƙasar Kornaka ma akwai tsofaffin da suka yi cinikin gero da masu ayari, da waɗanda suka ga shigowar babur na farko garinsu. A je a zauna da su, a ɗauki maganarsu, a rubuta ta da Hausa da sunayen rijiyoyi da zanguna kamar yadda suke faɗinsu, a ajiye a makarantu inda yara za su same ta.